Ciwon Gawut: Kumburin Babban Yatsan Ƙafa Da Ake Ɗauka Sanyi Ne

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar unguwannin da ke kudancin Kogin Kaduna, wato Kakuri da Makera da Barnawa da Television da Nasarawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, da kuma mazauna karkarar ƙananan hukumomin Chikun da Kajuru, waɗanda asibitocin wannan ɓangare na birnin ne suka fi kusa da su. Ana kuma fatan hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli za su karanta shi, su isar da abin da ke cikinsa ga waɗanda ba su da halin karantawa da kansu.

Ga yadda abin yake farawa. Magidanci mai shekara 50 da ɗoriya zai kwanta barci lafiya lau, babu abin da ke damunsa. Can tsakar dare sai azabar ciwo ta tashe shi. Gindin babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya ɗauki zafi, fatar wurin ta yi santsi tana ƙyalli, ko mayafi ya taɓa wurin sai ya yi ihu. Gari na wayewa ba ya iya sa takalmi, ba ya iya taka ƙasa. Maƙwabta su taru, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce wani abu ne ya cije shi cikin barci, wani kuma ya rage murya ya ce ai taka abu ya yi a bakin ƙofa. A aiki yaro kemis ya sayo haɗin maganin ciwon jiki. Bayan mako ɗaya ko biyu ciwo ya lafa, kumburi ya saɓe, kowa ya ce magani ya yi aiki. Bayan wasu watanni abin ya dawo.

Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira gawut. Mutanenmu sukan jefa shi cikin jerin amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi, sunayen da ake laƙaba wa kusan duk wani ciwon gaɓa. To amma gawut yana da musabbabi guda sananne wanda ake iya aunawa a jini, yana kuma da maganin da ke hana shi dawowa. Cikin cututtukan gaɓɓai kaɗan ne ake iya faɗin haka a kansu. Abin takaicin shi ne yawancin masu fama da shi maganin zafin kawai suke sha, su bar tushen ciwon yana cin gaɓɓai da ƙoda a ɓoye. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Abin da ke haddasa shi

A jikin kowane ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira yurik asid. Dauɗa ce da ke fitowa idan jiki ya narkar da wasu sinadarai masu suna fiyurin. Mafi yawan fiyurin jiki ne da kansa yake samar da shi a yayin da tsofaffin ƙwayoyin halitta ke mutuwa ana sabunta su, saura kuma daga abinci yake zuwa. Yurik asid yana narkewa cikin jini, ƙoda ta tace kimanin kashi biyu cikin uku ta fitar ta fitsari, ragowar kuma ya bi ta hanji.

Matsala tana farawa ne idan abin da ke taruwa ya fi abin da ke fita. Mai karatu ya san yadda sukari yake yi a kofin shayi: idan an zuba daidai sai ya narke, idan an cika shi sai ya kwanta a gindin kofi, musamman in shayin ya huce. Haka jini yake. Idan yurik asid ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya fara daskarewa, ya zama wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu masu tsini kamar allura, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sukan taru a gaɓɓai shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Ranar da wasunsu suka ɓalle suka shiga ruwan gaɓa, sai sojojin jiki su ɗauke su a matsayin abokan gaba su far musu. Wannan yaƙin shi ne kumburi da zafin da mutum yake ji.

A nan ne za a ga cewa masu cewa sanyi ne ba su yi nisa da gaskiya ƙwarai ba. Yatsan ƙafa yana nesa da zuciya, ya fi sauran jiki sanyi, kuma da dare ɗumin jiki yana raguwa. Shi ya sa ciwon ya fi son ƙafa, ya fi kuma son tsakar dare. Sai dai sanyi taimakawa kawai yake yi. Wanda jininsa ba shi da yawan yurik asid, ko ya kwana a waje cikin hunturu, gawut ba zai kama shi ba.

Ga mafi yawan masu ciwon, ƙodarsu ce ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata, kuma wannan hali ana gadonsa. Za a tarar da mutum biyu suna cin abinci iri ɗaya a kwano ɗaya, ɗaya ya kamu, ɗaya bai kamu ba. Saboda haka bai dace a riƙa yi wa mai gawut gorin cewa kwaɗayin nama ne ya ja masa ba. Maza ne ciwon ya fi kamawa, galibi daga shekara 30 zuwa sama. Mata ba su cika samunsa ba sai bayan sun daina al'ada, domin sinadarin jikin mace na shekarun haihuwa yana taimaka wa ƙoda wajen fitar da yurik asid. Ƙiba da hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙoda duk suna ƙara haɗarin kamuwa.

Akwai kuma magungunan asibiti da ke ɗaga yurik asid. Na farko su ne magungunan sa fitsari da ake ba masu hawan jini da masu ciwon zuciya. Sai asfirin ɗan ƙarami da ake sha kullum don kare zuciya, sai firazinamaid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka da ake sha a watanni biyu na farko. Wanda yake shan ɗayansu ya ga gaɓarsa ta kumbura, kada ya kuskura ya daina da kansa, domin illar barin maganin tarin fuka ko na zuciya ta fi ta gawut nesa ba kusa ba. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa ya yi bayani. Akwai magungunan hawan jini, irin su losatan, da ba sa ɗaga sinadarin, likita na iya canza masa.

Tsohon ciwo ne

Likitocin Misira ta dā sun san gawut, haka ma Hifokratis na ƙasar Girka ya siffanta shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Larabawa suna kiransa niƙris, kuma shahararren likitan nan Abubakar Arrazi, wanda ya yi zamani a Bagadaza wajen ƙarni na 10, ya rubuta littafi sukutum a kansa. A Turai an daɗe ana yi masa laƙabi da ciwon sarakuna, saboda a wancan zamani su ne ke samun nama da giya kullum. A shekarar 1848 ne wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya tabbatar da cewa jinin masu gawut yana ɗauke da yurik asid fiye da kima.

An daɗe ana koyarwa cewa ciwon ba ya cika kama baƙar fatar Afirka. Binciken da aka yi daga baya a asibitocin Nijeriya da Togo da Kamaru da Afirka ta Kudu ya nuna cewa yana nan, rashin ganewa ne ya ɓoye shi. An ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kimanin miliyan 56 ne ke fama da shi a duniya. Yau ba sai sarki ba. Direban babbar mota da mai gadi da manomi da tsohon ma'aikacin masaƙa duk ana ganinsu da shi.

Yadda ake gane shi

Kimanin rabin masu ciwon, a gindin babban yatsan ƙafa yake fara musu. Wasu kuma a idon sawu ko bayan ƙafa ko gwiwa, daga baya ya kai ga wuyan hannu da gwiwar hannu da yatsu. Alamarsa ta musamman ita ce gaggawa: cikin sa'o'i 12 zuwa 24 zafin ya kai maƙura, kuma da farko gaɓa ɗaya yake kamawa. Ko ba a sha komai ba yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fatar wurin ta yi saɓa. Wannan lafawa da kansa ita ce take yaudarar mutane. Duk abin da aka sha ko aka shafa a ranakun ƙarshe, shi ake yabawa, alhali lokacin ciwon ne ya cika.

Yawancin waɗanda ya taɓa kamawa yakan dawo musu cikin shekara ɗaya ko biyu. Idan aka bar shi, tazarar tana raguwa, kwanakin jinya suna ƙaruwa, gaɓɓan da yake kamawa suna yawaita. Bayan kimanin shekara 10 sai a fara ganin wasu ƙulluttai masu tauri a yatsu ko gwiwar hannu ko gefen kunne ko agara. Wani lokaci su fashe, wani farin abu kamar alli ya riƙa fitowa. Mutane sukan ɗauka ƙurji ne su kai wa wanzami ya yi sakiya. Tarin duwatsun nan ne, kuma yanka su a gida ƙofa ce ta shigar ƙwayoyin cuta da gyambon da ba ya warkewa da wuri. A wannan mataki ƙashi ya fara cinyewa, yatsu su karkace, mutum ya kasa riƙe fartanya ko sitiyari.

Tabbatar da ciwon aikin asibiti ne. Ana ɗibar jini a auna yurik asid, a kuma duba lafiyar ƙoda da sukari da hawan jini. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, a lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa awon na iya nuna daidai, don haka a sake shi bayan aƙalla mako biyu da lafawa. Na biyu, mutane da yawa suna da yawan yurik asid a jini ba su taɓa yin gawut ba, saboda haka takardar awo kaɗai ba ta isa a ce wa mutum yana da ciwon ba. Hanya mafi tabbas ita ce likita ya zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba a ga duwatsun.

Gargaɗi na musamman: idan gaɓa ta kumbura ta ɗauki zafi, kuma ga zazzaɓi mai tsanani ko rawar ɗari, a kai mutum asibiti a ranar, kada a kwana. Ƙwayoyin cuta na iya shiga gaɓa su yi ruwa a ciki, alamunsu iri ɗaya ne da na gawut, kuma cikin 'yan kwanaki suna lalata gaɓar har abada, suna ma iya kisa. Haka nan yaro ko matashi mai ciwon ƙashi da gaɓɓai, a fara tunanin sikila kafin gawut.

Magani kashi biyu ne

Kashi na farko shi ne kwantar da ciwon idan ya tashi. A nan likita na da zaɓi uku: kolcisin, ko magungunan kumburi irin su diklofenak da aibufurofen, ko furednisolon na 'yan kwanaki. Duk sun fi aiki idan an fara su a ranar farko. Wanne za a ba mutum, ya danganta da lafiyar ƙodarsa da cikinsa da zuciyarsa. Kolcisin kaɗan ake sha, yawansa yana sa gudawa da amai, in ya wuce kima kuma guba ce mai kisa. A gida, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na kimanin minti 20, a sha ruwa sosai. Murza da gashi da ruwan zafi da tsaga ba sa ƙara wa gaɓar da ke cikin wannan hali komai sai azaba.

A nan ya zama dole a yi magana a kan haɗin da ake saye a kemis da hannun masu tallar magani a kasuwa da tasha, wanda ake ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna ba takarda. Sau da yawa akwai maganin kumburi iri biyu a ciki tare da maganin sitiroyid. Zafi zai tafi, babu musu. Amma mai gawut galibi mutum ne da ƙodarsa ke da rauni tun farko, ga shi sau da yawa da hawan jini. Shan irin waɗannan magunguna wata da watanni yana ƙarasa ƙodar, yana huda ciki ya sa aman jini, sitiroyid kuma ya tayar da sukari ya kumbura fuska. Ƙoda ta ƙara rauni, yurik asid ya ƙara taruwa, ciwo ya ƙara yawan tashi, mutum ya ƙara sayen haɗi. Iyalin da suka taɓa biyan kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako sun san inda wannan hanya take ɓullewa.

Kashi na biyu, wanda shi ne ainihin maganin, shi ne rage yurik asid a jini. Babban magani a nan shi ne alofurinol, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1960. Akwai kuma febuzostat ga wanda na farkon bai karɓe shi ba. Likita kan ba da shi ga wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko mai ƙulluttai, ko wanda hoto ya nuna ƙashinsa ya fara cinyewa, ko mai tsakuwar ƙoda ko raunin ƙoda. Manufar ita ce a sauke sinadarin ƙasa da miligiram 6, wato maikromol 360 a lita a ma'aunin da wasu ɗakunan awo ke amfani da shi. Idan aka riƙe shi a nan, tsofaffin duwatsun suna narkewa sannu a hankali, har ƙulluttan su ɓace.

Akan fara da miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, a riƙa awo ana ƙarawa har a kai inda ake so. Wurin da mutane da yawa ke faɗuwa shi ne watannin farko. Yayin da duwatsun suka fara motsi, ciwon na iya tashi fiye da da, sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba ya watsar. Alhali alama ce ta aiki. Don haka ne likita ke haɗa masa da ɗan kolcisin na wata uku zuwa shida. Wanda ya riga ya fara alofurinol kada ya daina don ciwo ya tashi, kada kuma ya daina don ya ji sauƙi. Kamar maganin hawan jini yake, galibi har ƙarshen rayuwa ake sha. Dalili ɗaya ne na tsayar da shi nan take: idan ƙuraje suka feso a jiki, ko baki ya yi miki, ko zazzaɓi ya zo tare da su, musamman a watannin farko. A daina, a tafi asibiti a ranar.

Batun abinci

Abincin da ya fi ɗaga yurik asid shi ne kayan ciki, wato hanta da ƙoda da zuciya da makamantansu, sai jan nama da naman daji, da kifin gwangwani da jatan lande. Farfesun kayan ciki da tsire da balangun dare, ga mai gawut, sai dai jefi-jefi. Lokutan Babbar Sallah da Kirsimeti da bukukuwa, inda ake kwana da kwanaki ana cin nama safe da yamma, lokutan taka-tsantsan ne. Barasa kowace iri ce tana hana ƙoda fitar da sinadarin, giyar kwalba da burkutu kuma suna ƙara da nasu fiyurin. Wanda bai taɓa shan barasa ba shi ma kada ya saki jiki, domin lemon kwalba da duk abin shan da aka cika wa sukari suna yin irin wannan ɓarna.

Wake da ganye da kuɓewa da sauran kayan lambu ba su da laifi, ko da yake akan ji ana hana mutane su. Nono da kindirmo ma taimakawa suke yi. A sha ruwa da yawa, musamman a zafin watannin Maris da Afrilu da lokacin aikin gona, domin ƙishirwa tana tayar da ciwon. Mai azumi ya cika shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, ya kuma tambayi likita lokacin da zai mayar da shan maganinsa. Mai ƙiba ya rage ta a hankali, ba da horon yunwa ba.

Sai dai a faɗi gaskiya: kiyaye abinci, komai tsananinsa, abin da yake saukewa bai cika wuce miligiram 1 ba. Wanda awonsa ya nuna 9 ko 10 ba zai kai 6 da ƙaurace wa nama kaɗai ba. Akwai dattawan da suka hana kansu nama da wake da gyaɗa har suka rame, ciwo kuma bai fasa zuwa ba.

Inda za a je, da aikin shugabanni

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya a matakin farko ta mazaɓa, inda za a auna hawan jini a kuma ba da takardar turawa gaba. A kudancin kogi akwai Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da Babban Asibitin Sabon Tasha, da Asibitin St. Gerard's na Kakuri. Ciwon da ya yi nisa ko ya haɗa da ƙoda akan tura shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke tsallaken kogi, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Mai zuwa asibiti ya tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, ya kuma riƙe ranakun da ciwon ya tashi da gaɓar da ya kama. Idan yana da waya mai ɗaukar hoto, ya ɗauki hoton kumburin, domin sau da yawa kafin a ga likita ya saɓe. Wanda ya yi rajista da hukumar KADCHMA ta taimakekeniyar lafiya ya tambayi asibitinsa abin da tsarin ya ɗauke masa na awo da magani.

Ga iyayen ƙasa da kansiloli da kwamitocin ci gaban mazaɓu, akwai wuri ɗaya da bakinsu ya fi na likita tasiri. Zargin jifa ko binne abu a bakin ƙofa kan kumburin ƙafa yana raba 'yan'uwa da maƙwabta da abokan kasuwanci, kuma a gaban mai unguwa ko dagaci ake fara kawo irin wannan ƙara. Duk lokacin da aka kawo ta, ya kyautu a fara tura mai ciwon awon jini kafin a saurari kowa. Haka kuma, sa'ad da ma'aikatan lafiya suka zo auna hawan jini a kasuwa ko masallaci ko coci, a roƙe su su riƙa tambayar magidanta ko babban yatsan ƙafarsu ya taɓa kumbura cikin dare, su rubuta wa waɗanda suka amsa takardar zuwa asibiti.